Ido Na Uku A Bangon Kawu Ɗanlami

Ranar da na sauka a tashar Bonabéri, a birnin Duwala na ƙasar Kamaru, ana tafka ruwan sama irin wanda in a Gumel ne sai an tara dattawa an yi addu'a, amma mutanen Duwala ko sauri ba su ƙara ba. Kwana huɗu na yi a hanya, ƙafafuna sun kumbura kamar an hura su da famfon keke. Ina riƙe da jaka ɗaya da ƙullin kilishin da Umma ta ce in kai wa ƙaninta, Kawu Ɗanlami. Wani ɗan acaɓa, su can bensikin suke ce musu, ya ji na ce New Bell, unguwar su Kawu, ya washe baki ya ce, "Aboki! Monte, monte!" Na ɗare. Muka hau wata gada da na rantse ta fi daga Gumel zuwa Maigatari tsawo, ruwa a ƙasa, ruwa a sama, ni a tsakiya ina karanta duk surar da na iya har da waɗanda ban iya ba. A wata mararraba ya tsaya, ya karɓi ƙullin wai zai gyara masa zama, ya yi min alama in ɗan sauka. Ƙafata na taɓa ƙasa ya murɗa babur. Tun ban gaida Kawu ba Duwala ta cinye masa tsaraba.

Ina tsaye ina zagin mutumin da Hausa tun daga kan kakansa, sai na ji an ce, "Kai, ɗan wa ke nan mai baki haka?" Wata dattijuwa ce a ƙarƙashin rumfar kwano tana sayar da abinci. Inna Dije sunanta. A New Bell aka haife ta, aka haifi babanta, ba ta taɓa taka Najeriya ba, amma in ta yi maka faɗa da Hausa sai ka ɗauka a Kano take kwana. Ta zaunar da ni, ta zuba min shinkafa da wata miyar ganye mai ɗaci, ta tsaya a kaina har na cinye. Da na ambaci sunan Kawu ta ce, "Ɗanlami mai shadda? Ai ga sabon shagonsa can, jikin rumfata."

Kawu bai yi min dariya ba. Ya riga ya san abin da ya kawo ni. Na sauya wa shugaban makarantarmu ƙarar waya zuwa kukan jaki, wayar kuwa ta tashi ana tsakiyar taron iyaye. Aka kore ni. Baba ya ce ya gama da ni, Umma ce ta yi ta roƙo har ya yarda a turo ni wurin ɗan'uwanta, ta kuma ɗaukar masa alkawari da bakinta cewa zan shiryu. In na koma da wani laifin, ita za a kalla.

"Nafi'u," in ji Kawu, ya ɗaga yatsa ɗaya. "Abu ɗaya. Ka yi min abu ɗaya tak, in saka ka a motar da ta kawo ka. Tu as compris?"

Ban san ma'anar ƙarshen ba, amma na ce na ji.

Sati biyu na yi ina ɗaukar masa kaya a tsohuwar rumfarsa ta babbar kasuwa, Marché Central. Ban ga rana sau uku ba. Rigar da na wanke ranar Litinin, ranar Alhamis tana nan da danshinta tana warin kifi. Takalmina ya yi gashi. In Umma ta kira sai in ce mata lafiya lau, garin daɗi, in kashe wayar in kalli kwata tana gudu da robobi, in ji har ƙurar garinmu nake marmari.

Ranar Lahadi Kawu ya kai ni sabon shagon. Da can gidan abinci ne. Muna buɗe ƙofa na ja da baya, don wata mata ce cike da bango guda, an zana ta da fenti mai sheƙi. Jan ɗankwali, ludayi a hannu, idanu kamar ƙwan zabi suna kallon duk wanda ya shigo.

"Wannan bangon shi ne gabas," in ji Kawu. "Nan za mu riƙa shimfiɗa tabarma muna salla. Ranar Juma'a bayan masallaci malamai da manyan kasuwa za su zo addu'ar buɗe shago. Ina son bangon nan fari fat. Ka iya fenti?"

Ni da ban taɓa riƙe buroshi ba na ce, "Kawu, ai rabin gidajen unguwarmu ni na yi musu."

Ya bar min gwangwani biyu, ƙarami mai ruwan toka da babba mai fari, duk rubutun jikinsu da Faransanci. Ya ba ni makulli ya ce shi zai yi kwanakin nan yana zirga-zirgar fito da kaya, sai Laraba ko Alhamis zai leƙo.

Yana fita na ɗauki gawayi a murhun Inna Dije na yi wa matar gashin baki. Na tsaya a gabanta na sara mata na ce, "Madam, lokaci ya yi, a tattara a bar mana shago." Na buɗe mai ruwan tokar na ji wari, na ce lallai an cuci Kawu an ba shi kalar da bai nema ba, na shafe ƙofa da benci da shi don kada ya yi asara. Farin kuma na ga ya yi kauri, sai na tuna yadda Umma ke dama farar ƙasa gab da salla, ruwa-ruwa, a shafa, kafin a sha fura ta bushe ƙayau. Na tuttula masa ruwa, na shafe matar tun daga ɗankwali har ludayi. Kafin la'asar bango ya yi fari. Na kulle na tafi kallon ƙwallo ina jin kaina kamar injiniya.

Litinin da safe na buɗe shagon ina fito. Fiton ya maƙale a bakina.

Idanu biyu ne a tsakiyar farin bangon. Ba hanci, ba baki, idanu kawai, dishi-dishi kamar ana leƙowa ta cikin labule. Na matsa hagu, suna kallona. Na matsa dama, suna kallona. Bangon duk ya yi gumi, wani ɗigon ruwa yana gangarowa daga ƙasan ido ɗaya. Ban san lokacin da na tsinci kaina a waje ba, makulli a hannu, takalmi ɗaya a ciki.

Na daɗe a bakin ƙofa ina lissafin wanda zan gaya wa. Kawu? Abu ɗaya tak ke nan. Na yi bisimilla ta fi ashirin, na shiga da baya da baya, na sake dama fenti na rufe idanun ba tare da na kalle su ba. Don sauri har na yi wa silin ado.

Talata da safe fuskar gaba ɗaya ta dawo. Jan ɗankwalin ya yi ruwan hoda, bakin yana murmushi, gashin bakin da na yi mata da gawayi ya narke ya zubo har haɓa kamar ta ci wani abu baƙi. Na rufe ƙofa a hankali, kamar mai gudun tada marar lafiya, na je na zauna a bencin Inna Dije.

"Inna, matar nan ta bangon Kawu, ina ta koma ne?"

"Ma Rozin? Allah sarki. Ai ta rasu, shekara biyu ke nan. Nan cikin shagon ta faɗi, tana tsaye kan tukunya." Ta miƙo min kofin shayi. "Mace mai faɗa. In yaro ya raina ta, sai ta bi shi da ludayi har gidan ubansa."

Na ajiye kofin ban kurɓa ba.

"Lafiya kake gumi da sanyin nan?"

"Zazzaɓi ne, Inna."

Na kama hanyar Marché Central a ƙafa, ina waiwaye. Duk macen da na gani da jan ɗankwali sai in tsallaka titi, kuma ranar kamar an yi shela, rabin matan Duwala ja suka ɗaura. A layin masu kayan gini na samu wani saurayi, na yi masa bayani da hannu da ƙafa da ɗan Turancin da na tsira da shi daga makaranta. Ya ce, "Ashia, mon frère," wato sannu ɗan'uwa, ya ɗauko wata kwalba mai warin fetur, dilwan yake ce mata. Ya nuna min da hannu cewa wannan ko zanen jikin damisa ne zai goge. Bai tambaye ni wane irin fenti ba ne, ni ma ban san ana tambaya ba.

Laraba na zo da wuri, ruwa na zuba. Na bar ƙofa a wangale don in samu hanyar gudu. Na wanke farin fentin da ke kan fuskar da ruwa, ya sauka kamar koko, ga Ma Rozin ta fito raɗau tana kallona. Na ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya, wallahi wasa nake yi, ni baƙo ne." Na jiƙa tsumma da ruwan kwalbar, na hau benci, na fara gurzar kumatunta na dama, don ban da ƙarfin halin farawa da ido. Fentin ya fara laushi yana bin tsumman. Na ji daɗi na ƙara ƙarfi. Launin fata ya tafi, wani baƙi ya fara bayyana a ƙasa. Na ƙara gogawa sau biyu.

Ido ne. Wani idon daban, a kan kumatu, ƙasa da na ainihin, rabi a rufe, yana kallon ƙasa daidai inda ƙafafuna suke.

Mutanen layin sun ce ihun da na yi ya sa wani mai bensikin ya faɗa kwata. Ni dai na san ban sauko daga bencin ba, tashi na yi. Na faɗa rumfar Inna Dije na rungume ƙafarta ina cewa, "Ido uku! Inna, ta yi ido uku!" Na zazzage mata komai, gawayin, saran, ƙaryar fentin, har kukan jaki.

Ta ɗauki ludayinta, wai ko da wani abu, ta leƙa shagon. Na ji ta ce, "Innalillahi!" Ta fito da sauri fiye da yadda ta shiga. Da na ga Inna Dije, wadda 'yan daban layin ke gaisarwa a durƙushe, tana gyara ɗankwali tana ta salati, sai na sallama cewa tawa ta ƙare, ko ta hannun Kawu ko ta hannun Ma Rozin.

Can ta ce, "Wanda ya zana ta yana raye. Tashi mu je."

Muka bi wasu lunguna da ruwa ya kai idon sawu, muna taka katakai da tayoyi, har wani ɗan ɗaki cike da allunan masu aski da na masu gyaran waya. Wani tsoho siriri yana zaune yana rubuta lamba a jikin allo. Pa Mukoko sunansa. Ba Bahaushe ba ne, ba Musulmi ba ne, amma cikin Hausawan New Bell ya tashi, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Ya saurari Inna har ta gama, ya cire tabarau ya dube ni.

"Petit, wane kumatu ka goge?"

"Na dama, Baba."

"Da ka goge na hagu ma, da ka ga na huɗu."

Na ce, "Baba, da na ga na huɗu da yanzu na kusa Gumel da ƙafa."

Ya yi dariya har da tari. Ya ɗauki wata jaka da gwangwani ya biyo mu. A shagon ya tsaya gaban bangon ya daɗe yana dubawa, ni ina laɓe a bayan Inna.

"Pentimento," ya ce.

Na ɗauka sunan aljanar ke nan. Na ce, "Tana jin Hausa?"

"Zo nan, sakarai." Ya kama wuyan rigata ya ja ni gaban idon. "Kalma ce ta masu zane. Ta Italiya ce, ko masu Faransancin garin nan ba kowa ya san ta ba. Ina yaro na riƙe wa wani fada Bature tsani yana zane a coci, a bakinsa na ji. In mai zane ya zana abu, ya ga bai yi masa ba, ya rufe shi da wani fentin ya sake, to na farkon bai tafi ko'ina ba, yana nan kwance a ƙasa. Ranar da na saman ya sirance, ko wani wawa ya gurje shi da dilwan, sai ya leƙo. Wannan leƙowar ita ce pentimento."

"To ita fuskar da ta yi ta dawowa fa?"

"Wannan ba pentimento ba ne, wannan jakanci ne. Ka shafa fentin ruwa a kan fentin mai, a Duwala, da damina. Bangon garin nan gumi yake kamar ɗan dako. Ina gwangwanin da ake fara shafawa a ƙasa, mai ruwan toka?"

Na nuna masa ƙofa da benci. Ya dafe kai. Inna ta ce, "Ka ga benci kuwa ya yi kyau."

Pa Mukoko ya ce ana aron kalmar ma a yi magana da ita a kan abin da ba zane ba. Mutum ya yi arziki ya sa babbar riga, amma in aka ajiye abinci sai ka ga yunwar yarintarsa ta leƙo. Ko gari ya sauya wa titi suna, amma kowa na kiran tsohon. Duk abin da aka rufe aka ɗauka ya tafi, ya kuma fito ta ƙasa, ana iya kiransa haka.

Yana cikin wannan bayani Kawu ya yi sallama ya shigo yana karkaɗe lema. Ya ɗaga kai. Na ga lemar ta faɗi, na ga ya yi taku biyu da baya har ya take ƙafar Inna. Ya ce, "La'ilaha illallahu! Mene ne wannan a gabas ɗina?"

Bakina ya riga hankalina. "Pentimento ne, Kawu."

"Penti uban wa?"

Pa Mukoko ya yi masa bayani, rabi Hausa rabi Faransanci. Ina kallon tsoro yana sauka daga fuskar Kawu, fushi yana hawa. Ya kamo kunnena ya jawo ni har hancina ya kusa taɓa gemunsa. "Rabin gidajen unguwarku, ko? Ni za ka yi wa ƙarya? Jibi mutane za su cika ɗakin nan, ka tanadar musu mace mai ido uku! Je ka haɗa jakarka."

A wannan kusancin ne na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Gemun Kawu baƙi wuluk, ashe rini ne, ga furfura fari tas tana leƙowa daga tushe. Kalmar ta taso min tun daga ciki, ta hau maƙogwaro, ta zauna a kan harshena tana rawa. Ban taɓa samun zolaya mai kyau irin wannan ba tun da aka haife ni. Pa Mukoko ya bi idona, ya ga abin da na gani, ya ɗora ƙafarsa a kan tawa ya danna. Na tuna Umma tsaye a gaban Baba. Na haɗiye. Har hawaye ya fito min don zafin haɗiyar, Kawu ya ɗauka nadama ce.

"Alhaji," in ji Pa Mukoko, "ka ba ni shi zuwa jibi. Ko ka kore shi, bangon dai sai an kankare, ni kuwa kafaɗata ta tsufa."

Inna ta ce, "Ɗanlami, kai da ka zo garin nan ba a kwalbar turare ka kurɓa ba, ka ɗauka lemo ne?"

Kawu ya saki kunnena ya ce, "Yaya Dije, ba a wannan maganar." Ya ɗauki lemarsa. "Juma'a. In na ga ko gashin ido ɗaya a bangon nan, daga masallaci tasha za mu wuce."

Muka fara kankara. Pa Mukoko ya ba ni wani faffaɗan ƙarfe ya ce har sai na ga siminti. Na cire ludayi, na cire ɗankwali, na cire murmushin, hannuna ya yi kanta ya fashe. Ko da na san fenti ne, duk sanda ƙarfen ya yi ƙara sai in ji kamar za ta ce wayyo. Da na cire idanun sama, ya ce in dakata. Ya jiƙa tsumma da kansa ya goge kumatun hagu a hankali, na huɗun ya fito. Yanzu saura idanu biyu na ƙasa kawai a bangon, suna kallon ƙasa.

Ya jawo bencin ya zauna.

"Haka na fara zana ta," ya ce. "Ta zo ta gani ta hau ni da faɗa, wai na sa ta sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, ita kuwa ba ta jin kunyar kowa, in ɗaga mata ido ta riƙa ganin wanda zai gudu bai biya ba. Na ɗaga. Amma haka take kallo in ta ɗauka ba mai ganinta." Ya goge tabarau da gefen riga. "Shekara ashirin da wani abu rabona da su."

Inna ta yi ƙasa da murya ta ce min, "Ya nemi aurenta, ta ƙi."

"Sau uku," in ji shi, bai waiwayo ba. Ya miƙo hannu. "Ba ni ƙarfen, petit. Waɗannan ni zan cire."

Na fita na tsaya a rumfar Inna ina jin ƙarar kankarar, a hankali, a hankali, har ta tsaya.

Da gwangwaninsa muka yi shafen ƙasa, Inna ta aro mana fanka ta yini tana hura bangon. Alhamis muka shafa fari sau biyu, ya tsaya a kaina kada in ƙara ko cokalin ruwa.

Ranar Juma'a shagon ya cika da manyan riguna. Malamai suka zauna suna fuskantar bangon, ana addu'a ana amin. Kowa ya rufe ido ya ɗaga hannu, ni kaɗai idona a buɗe, na kafe daidai inda fuskar take. Wani ƙuda ya sauka a wurin, saura kaɗan in yi ihu. Kawu ma na kama shi sau biyu yana satar kallo ta tsakanin yatsu. Aka shafa, aka raba goro da dabino, mutane suka watse. Bango yana nan fari.

Kawu ya je ya shafa shi da tafin hannu, ya duba hannun, ya sake shafawa. Ya zaro makulli daga aljihu ya jefo min.

"Gobe ƙarfe bakwai ka buɗe. Ka kira uwarka ka ce mata ina gaishe ta."

Yanzu wata takwas ke nan ni nake buɗe shagon. Na san siminti ne a ƙarƙashin fentin, da hannuna na kankare. Amma in ni kaɗai ne, sai na yi sallama da ƙarfi a bakin ƙofa, in ɗan jira tukuna, sannan in shiga.